Injin Ban Ruwa Ya Sauya, Ina Masu Gyaransa?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya janye tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, kukan manomin shinkafa kowa ke ji. Ba a cika tuna mutanen da noman rani ke tsaye a kansu ba: dillalan injin ban ruwa, kanikawa, masu haƙa rijiyoyin fadama, masu hayar injin sussuka. A ganina nan ne Kebbi ke barin sana'ar dubban matasa tana zubewa, kuma sakaci ne.

Shinkafar rani a fadamar Rima, daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, ruwan inji take sha. Shirin bashin Anchor Borrowers da Buhari ya ƙaddamar a Kebbi cikin Nuwamban 2015, da kamfanin shinkafa na Labana, da na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, sun taimaka wajen cika fadamar da injinan fetur. Injin fetur kuwa ya zo da mutanensa. In ya ƙi tashi, bakanike zai hau babur har bakin gona, ya kwance kabireta, ya goge filogi, kafin la'asar ruwa na gudu a tiyo.

Tsadar mai ta rushe wannan tsari. Wasu manoma sun juya injinansu zuwa tukunyar gas, masu hali suka koma sola, gwamnatin Gwamna Nasir Idris ma ta raba injinan sola. Amma ilimin sola daban ne. Sai an daidaita yawan faranti da ƙarfin famfo, a san zurfin rijiya da yawan ruwan da take bayarwa, a kare famfon daga yashi. In akwatin sarrafa wutar ya ƙone, wanda ya ƙware a fiston ba abin da zai yi masa, shinkafa kuma ba ta jiran a aiko da kaya daga Kano. Kwana kaɗan ba ruwa lokacin da take ɗaukar ciki, amfanin shekara ya tafi. Rabon kyauta ma yana da nasa lahanin: ɗan kasuwa ba zai zuba jari a kayan gyaran injin da bai san daga ina aka sayo shi ba, bai kuma san ko baɗi irinsa za a kawo ba.

Akwai masu cewa matsalar kasuwa ce: tun da aka ɗage harajin shigo da abinci a 2024 farashin shanshera ya faɗi, manomin da bai mai da kuɗinsa ba da me zai biya mai gyara? Da gaskiyarsu. Sai dai manomin da riba ta ragu shi ya fi bukatar inji mai ɗorewa da hayar injin sussuka mai sauƙi, don sayen sabo ya fi ƙarfinsa.

Kwalejin Waziri Umaru tana nan a Birnin Kebbi, jami'ar kimiyya tana Aliero. Matashi mai difloma a fannin lantarki, da zai samu horon 'yan watanni kan famfon sola, da babur da ƙaramin jarin kayan gyara, ƙauyuka da dama zai riƙe. Duk kwangilar sayen injin da gwamnati za ta bayar nan gaba, a sa sharaɗin horar da masu gyara da buɗe shagon kayan gyara a Argungu da Birnin Kebbi kafin a biya ɗan kwangila.