Yadda ake gane ƙungiyar da ta iya zaɓen 'yan wasa

Duk shekara ƙungiyoyin ƙwallon kwando na NBA suna zaɓen sababbin 'yan wasa, kuma galibi waɗanda suka fi shan kaye ne ke fara ɗauka. Don haka ɗaukar yaron da kowa ke yabo ba gwaninta ba ce. A duba waɗanda aka tsinto daga baya, sannan a ga abin da suka zama bayan shekara uku.

Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya koyi wasan a hannun Koci Oliver Johnson na Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru. A 2016 ƙungiyar da yake jagoranta a lokacin, Toronto Raptors, ta ɗauki Pascal Siakam ɗan Kamaru a lamba ta 27. Fred VanVleet kuwa babu ma wanda ya zaɓe shi, sai daga baya Raptors ta ɗauke shi. Aka tura su ƙaramar ƙungiyar Raptors 905 suka goge, suka ci kofinta a 2017. A 2019 da su aka ɗaga kofin NBA, na farko a tarihin Toronto. Ni wannan haƙurin reno ya fi burge ni.

Masu horar da yara a Samaru da Sabon Gari, don Allah kada ku sallami yaro tun bai nuna ba.