Kafin Ka Ɗora Ɗanka A Kan Doki

Da zarar salla ta matso, iyaye a Kano da Katsina da Zariya sukan fara zarya wurin masu dawaki. Wani dokin haya yake nema a ɗora yaro a yi hoto, wani kuma ɗansa ne ya ga hawan Daushe ya hana kowa sakat a gida sai an kai shi kilisa. Sha'awar mai kyau ce, kuma gado ce. Hawan sallar Kano ma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2024, wasan folo kuwa tun zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya kafu a Arewa. Sai dai da yawa daga cikin iyayen yau kakanninsu ne suka yi turke a ƙofar gida, su a mota suka tashi. Mutum ya kai yaro barga, ya koma gefe yana danna waya, alhali shi ne ya kamata ya fara zama ɗalibi.

Karatun farko a ƙasa ake yin sa, tun ba a ɗauko sirdi ba. Doki dabba ce da a daji ake farautarta, don haka in ya tsorata abin da ya sani shi ne gudu ko harbi. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, ban da wuri biyu: daidai gaban goshinsa da daidai bayan wutsiyarsa. Wanda ya ɓullo masa ta ɗayan wuraren nan ba zato, shi ya jawo wa kansa. Ta wajen kafaɗa ake tunkararsa, ana yi masa magana a hankali, a bar shi ya shinshini hannu kafin a shafa wuyansa. An saba da ɓangaren hagu, domin ta nan ake ja, ta nan ake hawa. In za ka zagaya ɗaya gefen, yi nisa da ƙafafun baya. Masu barga suna bi ta baya daf da shi, hannu a kan kuturinsa, amma wannan sai wanda dokin ya sani.

Kunnuwa su ne abin lura. In ya miƙe su gaba, wani abu ya ja hankalinsa. In suna juyawa, sauraro yake. In ya kwantar da su baya suka manne da wuya, ga wutsiya tana kaɗawa da ƙarfi, ga ƙafar baya ya ɗan ɗaga, to janye yaronka nan take, kada ka tsaya tambaya. Uban da ya iya karanta wannan ya fi wanda ya sayi sirdi mai tsada amfani ga ɗansa.

Sai jan doki. Tsaya daidai kafaɗarsa, hannun dama ya riƙe igiyar ragama ƙasa da haɓa kaɗan, hannun hagu ya tattara ragowar. Kada ka kuskura ka naɗe igiya a hannu, balle a hannun yaro. Dabbar da ta haura kilo 300 in ta fizga, yatsu ne za su tafi, ko ta ja mutum a ƙasa. Silifa ba takalmin barga ba ne, kofato ba ya duba inda zai sauka. Alhaji kuma ya yi haƙuri ya bar malum-malum a gida, domin riga mai kaɗawa a iska, da lema, da ledar da iska ta kwaso, duk suna firgita dokin da bai saba ba.

Inda iyaye suka fi kuskure shi ne wurin zaɓe. Ido yakan tafi kan ingarman da ke haniniya yana rawa a turke, a ce shi za a ɗora yaro don hoto ya yi kyau. Mai koyo tsohon doki mai sanyi yake bukata, wanda ya ga jiya ya ga yau. Dawakin hawa a ƙasar Hausa galibi maza ne, kuma ingarmu biyu in an matso da su kusa, cizo da harbi ba sa wuya. Linzamin gargajiya kuma yana da kaifi a baki. Yaro in ya tsorata yakan finciko shi da ƙarfi, dokin ya ji zafi ya ɗaga ƙafafun gaba sama, daga nan sai faɗuwa. Shi ya sa a kwanakin farko babba ke riƙe da ragama yana ja. A duba majayi ya ɗauru, a rage tsawon likkafa daidai ƙafar yaro, a sa masa hular kwano ko da abokansa za su yi dariya.

Yara suna son ba doki abinci. A koya musu buɗe tafin hannu sosai, yatsu a miƙe, kuma sai da izinin mai kula da shi. Cikin doki ƙarami ne in an kwatanta da jikinsa, ba ya kuma iya amai, saboda haka hatsi mai yawa a lokaci guda kan jawo masa ciwon cikin da ke kashewa. Harawa da dusa da ɗan kanwa, kowanne da ma'auninsa da lokacinsa. Rauni kuma in an ji shi a barga, komai ƙanƙantarsa, a wanke a je asibiti, domin ƙwayar cutar tetanus tana zama a ƙasa da kashin doki.

Duk wannan ɗan barga ya san shi, ko da bai taɓa zama a aji ba. Girman kai ne ke hana babban mutum ce masa, "Malam, nuna mini yadda ake riƙewa." Yaro kuwa yana kallon ubansa, yadda ya ga ya yi haka zai yi. Ranar farko ka nemi a ba ka ragama, ka ja dokin da kanka, ka tsayar da shi, ka juya shi, ka mayar da shi turke. In ka kasa wannan, kada ka yarda a ɗora ɗanka tukuna.