Yaro Mai Ciwon Asma: Yadda Za A Koya Masa Kula Da Kansa

A wannan fitowa za mu yi bayani ne a kan yaro mai ciwon asma, da yadda za a koya masa ya san ciwonsa, ya kuma iya amfani da maganinsa. Wata za ta ce, mene ne haɗin wannan da mai juna biyu? Haɗin kuwa babba ne. Da yawa daga cikinku masu zuwa awo kuna da manyan yara a gida. Ranar da naƙuda ta tashi za ki kwana a asibiti, idan aiki aka yi miki ma kwanakin su ƙaru, daga nan wata ta wuce gidansu wanka sai ta yi arba'in. Duk tsawon wannan lokaci yaron yana hannun kakarsa, ko abokiyar zamanki, ko yayarsa. Idan ke kaɗai kika san yadda ake ba shi magani, ranar da ciwon ya tashi da tsakar dare ba kya nan, wa zai taimake shi? Saboda haka watannin da suka rage miki kafin ki sauka su ne lokacin koyarwa.

Mene ne asma?

Asma, wadda wasu ke kira fuka, ciwo ne na hanyoyin da iska ke bi ta shiga huhu. A jikin mai asma, cikin waɗannan hanyoyi kullum a ɗan kumbure yake, ko da kuwa yaron yana wasansa lafiya lau. Da zarar wani abu ya taɓa su, kamar ƙura ko hayaƙi ko mura, sai kumburin ya ƙaru, naman da ya zagaye hanyar ya tsuke, majina mai kauri kuma ta taru. Daga nan sai a ga tari, musamman da daddare ko da asuba, da haki, da numfashi mai ƙara kamar fito, yaron ya ce ƙirjinsa ya riƙe.

Asma daban, tarin fuka daban. Ba a ɗaukar asma, don haka babu dalilin ware wa yaro kofi ko hana shi kwana da 'yan'uwansa. Takan dai bi jini a wasu gidaje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke da asma a duniya, kuma ta yi sanadin mutuwar mutum 455,000, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, inda ba a gano ciwon da wuri ko ba a samun maganin da ya dace. Babu maganin da ke raba mutum da ita gaba ɗaya, amma yaron da ke kan magani yadda ya kamata zai yi barci, ya je makaranta, ya buga ƙwallo kamar kowa. A kuma sani, ba duk jaririn da ƙirjinsa ya yi ƙara lokacin mura ne mai asma ba. Likita ne zai tantance.

Magani iri biyu ne

Wannan shi ne darasi na farko da za ki koya wa yaro, kuma a nan ne iyaye suka fi rikicewa. Akwai inhela mai buɗe hanya, wato salbutamol, wadda aka fi sani da Ventolin, galibi shuɗiya ce. Tana sassauta naman da ya tsuke cikin 'yan mintoci, amma ba ta taɓa kumburin. Sai kuma inhela mai kariya, irin su beclometasone da budesonide, da yawansu masu ruwan ƙasa ne. Ita ce ke rage kumburin, kuma ana shaƙar ta kullum, ko yaro na tari ko ba ya yi. Aikinta a hankali yake, sai an yi kwanaki ko 'yan makonni kafin a ga bambanci. Shi ya sa wasu iyaye ke cewa ba ta da amfani, su ajiye ta su riƙe shuɗiyar kaɗai. Wannan kuskure ne mai haɗari, domin ciwon yana nan yana ci a ƙasa, ranar da zai tashi kuwa da ƙarfi zai tashi. Kalar inhela takan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka ki sa ma'aikacin lafiya ya nuna miki wace ce wace, ki yi wa kowace alama. Ga ƙaramin yaro kina iya cewa wannan ita ce "mai gadi", wannan kuma "mai agaji".

Muna yawan jin ana cewa wanda ya fara shaƙar inhela ba ya dainawa, ko kuma sai ciwo ya yi tsanani ake ba da ita. Ba haka ba ne. Inhela ba ta sa jaraba. Hasali ma ta fi sirop da ƙwayar salbutamol, domin kai tsaye take zuwa huhu da ɗan magani kaɗan, shi kuwa na sha sai ya zagaye jiki, ya sa rawar hannu da bugun zuciya, kuma ya fi daɗewa kafin ya yi aiki. Game da tsoron da ake yi cewa mai kariya na hana girma, bincike ya nuna abin da takan rage a tsawon yaro bai wuce kimanin santimita 1 ba. Asmar da aka bari babu magani ta fi wannan cutar da yaro nesa ba kusa ba.

Yadda ake shaƙa

Yawancin yara, har da manya, idan suka danna inhela kai tsaye a baki, maganin a harshe da maƙogwaro yake tsayawa. Shi ya sa ake haɗa ta da kwalbar shaƙa, wadda ma'aikata ke kira sifesa. Ana girgiza inhela, a cire murfin, a sa ta a gindin kwalbar. Yaro ya zauna ko ya tsaya a miƙe, ya kama bakin kwalbar da leɓɓansa sosai. A danna sau ɗaya tak, ya yi numfashi a hankali sau 5 ko 6 a ciki. Idan sau biyu likita ya rubuta, a sake girgizawa a maimaita. Kada a danna biyu ko uku a tare don sauri, yawancin maganin a jikin kwalbar zai maƙale. Yaron da bai kai shekara 3 ko 4 ba yana bukatar kwalba mai marufin da ke rufe hanci da baki. Bayan shaƙar mai kariya, ya kurkure baki ya tofar, don kada bakinsa ya yi farin kumburi ko muryarsa ta dushe.

Idan kuɗin kwalbar ya gagara, akwai mafita. Wani bincike da aka yi a Afirka ta Kudu, aka buga a shekarar 1999, ya nuna cewa robar lemo mai rabin lita, idan aka huda gindinta daidai bakin inhela aka toshe gefen da kyau, tana aiki kamar ta kanti ga yaran da suka iya kama bakin roba. Ki zo da robar mu nuna miki yadda ake yi. Ko wace iri ce, a wanke ta da ruwan sabulu kamar sau ɗaya a wata, a bar ta ta bushe da kanta, kada a goge cikinta da tsumma.

Daidai shekarunsa, daidai aikinsa

Ɗan shekara 3 zuwa 5 ba a bar masa magani a hannu. Abin da ake so ya koya shi ne ya faɗa. Ki ba shi kalmar da zai riƙa amfani da ita, kamar "Umma, ƙirjina ya riƙe", kuma duk lokacin da ya faɗa ki saurare shi, kada ki ce shagwaɓa ce. Ki bari ya yi wasa da kwalbar, ya sa wa 'yar tsana, ya ƙirga numfashinsa da yatsu. Kada a danne shi yana ihu, domin yaro mai kuka maganin ba ya shiga huhunsa sosai, gobe kuma da ya ga kwalbar zai gudu. Kuma don Allah a daina tsorata yara da cewa za a kai su asibiti a yi musu allura.

Daga shekara 6 zuwa 9 yana iya haɗa inhela da kwalba ya shaƙa da kansa, amma a gaban babba. Ki haɗa lokacin maganin da abin da ba ya wucewa, misali bayan sallar asuba da bayan isha'i, kafin ya wanke baki. A rataya kalanda, ya riƙa yin alama da hannunsa. Wannan kalandar tana da wani amfanin: inhelar salbutamol galibi dannawa 200 ce a ciki, kuma ko maganin ya ƙare takan ci gaba da fesa iska. Idan ana rubuta ranar da aka buɗe ta da yawan amfani, ba za a wayi gari da fanko a hannu ba.

Daga shekara 10 zuwa sama yana iya riƙe shuɗiyar a jakarsa, ya kuma yi wa likita bayani da bakinsa. Amma kada ki saki jiki. A wannan shekaru ne kunya ke shigowa, yaro ya ɓoye inhela don kada abokai su yi masa dariya, ko budurwa ta daina shaƙa don kada a ce tana da ciwo. Ki riƙa dubawa ba tare da faɗa ba. Mai son ƙwallo a gaya masa David Beckham ma yana da asma. Idan gudu na tayar masa da tari, likita kan ba da shawarar ya shaƙi shuɗiyar minti 10 zuwa 15 kafin wasa. Ba a hana shi wasa.

Abubuwan da ke tayar da ciwon

Kowane yaro da nasa, sai ku zauna tare ku gano. A wajenmu an fi samun ƙurar hunturu da sanyin asuba, hayaƙin itace da gawayi, hayaƙin janareta, taba sigari, maganin sauro na kunnawa da na fesawa, kyankyasai, gashin kyanwa, tsohon kafet da mura. Ya fita daga ɗaki lokacin shara, a yayyafa ruwa kafin a share, a koma gidan sauro maimakon hayaƙi. Maigida, idan kana shan taba, fita waje ma bai wadatar ba, hayaƙin na biyo tufafi. Dainawa ita ce gatan da za ka yi wa wannan yaro da wanda ke ciki. Sai kuma maganar da na san ba za ta yi wa masu jego daɗi ba: turaren wuta. Ɗakin maijego a rufe, ga kasko yana hayaƙi, ga hayaƙin itacen ruwan wanka a tsakar gida, ga 'yan barka kowa da turarensa. Mai asma ba zai iya da wannan ba, jaririn ma huhunsa bai yi ƙwari ba. In ya zama dole, a turara kaya a waje, a buɗe tagogi.

Idan ciwon ya tashi

Ki roƙi likita ya rubuta muku tsari a takarda: abin da za a yi kullum, abin da za a yi idan tari ya fara, da lokacin da za a taho asibiti. A liƙa ta a bango, a karanta wa kaka da duk wanda zai riƙe yaron, su gwada haɗa kwalbar a gabanki. Idan ya tashi, a zaunar da yaro, kada a kwantar da shi, a kwantar masa da hankali, a ba shi shuɗiyar ta kwalba, dannawa ɗaya bayan ɗaya. Ɗan ƙasa da shekara 6 akan fara da 2, a maimaita bayan minti 20 idan da bukata. Babba kuwa, idan abin ya yi tsanani, ana iya kai wa 10. Kada a tsaya ba shi maganin tari, ko jiƙo, ko a yi masa hayaƙi.

A taho asibiti nan take, ko ƙarfe nawa ne, idan yaro ya kasa magana sai kalma ɗaya-ɗaya, ko ya kasa sha, ko tsakanin haƙarƙarinsa da ƙasan wuyansa na lotsawa, ko harshe da cikin leɓensa sun canza kala sun yi duhu, ko ya yi laushi yana gyangyaɗi, ko an ba da maganin babu sauƙi, ko sauƙin bai kai awa 4 ba. Yaron da yake ta ƙara sai ƙarar ta ɗauke alhali yana wahala, ba sauƙi ya samu ba, iska ce ta kasa shiga. A ci gaba da ba shi maganin a kan hanya. Haka nan yaron da ke bukatar shuɗiyar fiye da sau 2 a mako, ko tari na tashinsa daga barci, a kawo shi a sake duba maganinsa ko da ranar ganin likita ba ta zo ba.

A sanar da malamin ajinsa, da na Islamiyya ko na allo, a roƙi a ɗauke masa sharar aji. Mai tafiya makarantar kwana ya tafi da inhela biyu da takardarsa, kuma shuɗiyar ta zauna a hannunsa, ba a kulle a ofis ba.

Ke kuma uwargida, idan ke ce mai asmar, kada ki ajiye inhelarki don kin samu ciki. Magungunan shaƙa da muka ambata ana amfani da su a lokacin ciki da shayarwa. Abin da ke cutar da ɗan da ke ciki shi ne rashin isasshiyar iska idan ciwon ya tashi. Ki faɗa mana tun ranar awon farko, domin akwai wasu magungunan hawan jini da na tsayar da jini bayan haihuwa da ba sa jituwa da asma, sai mu zaɓi wasu. Ki sa inhelarki cikin kayan haihuwa. Ranar awo mai zuwa kuma ki taho da ta yaron da kwalbarsa, in da hali har da wadda za ta riƙe shi, mu ga yadda kuke yi mu gyara inda ke bukatar gyara.