Daga Japananci Zuwa Faransanci: Darasin da Muka Tsinta a Kwatano

Duk wanda ya zauna a Zangon Kwatano ya san mu da saurin kama bakin mutane. Yaro zai sauka daga motar Malanbil bai san ko gaisuwa ba, kafin azumi ya zagayo sai ka ji shi yana ciniki da Faransanci, yana tsokanar masu zemijan da Fon, yana ba ’yan Seme amsa da Yarbanci. Amma a miƙa masa takardar duwan, ko yarjejeniyar hayar shago, sai ka ga ya fara waige-waige yana neman mai karanta masa. Nan ne gizo ke saƙa. Mutum nawa muka sani da suka sa hannu a kan abin da ba su karanta ba, daga baya aka zo ana da-na-sani?

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne labarin wata makaranta da aka buɗe a nan Kwatano a 2003 don koyar da Japananci kyauta. Wanda ya kafa ta shi ne Rufin Zomahoun, ɗan asalin Dassa, wanda ya yi karatu a China kafin ya wuce Japan a 1994, inda ya yi suna a wani shirin talabijin na Takeshi Kitano. Sunan Takeshi ɗin ya sa wa makarantar. Daga bisani Zomahoun ya zama jakadan Benin a Japan daga 2012 zuwa 2016.

Masu karatu za su ce ina ruwan ɗan kasuwa da Japananci, ban da sunan Toyota da ke jikin motocin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa? Ruwanmu shi ne hanyar da masu koyon wannan harshe ke bi su kai ga karanta littafin labari, domin idan ta yi aiki a kan Japananci, to Faransanci wasa ne.

A duba wahalar da ke gaban ɗalibin. Rubutun Japan iri uku ne a haɗe cikin shafi guda. Akwai hiragana mai haruffa 46, akwai katakana mai haruffa 46, sannan ga kanji, alamomin da aka aro daga China, waɗanda gwamnatin Japan ta ƙayyade 2,136 daga cikinsu a 2010 a matsayin na amfanin yau da kullum. Yaron Japan kansa shekara 6 yake yi a firamare kafin ya haɗa 1,026. Ba a barin fili tsakanin kalmomi. Littafin labari kuma daga sama zuwa ƙasa ake karanta shi, ana tafiya daga dama zuwa hagu, kuma ta dama ake buɗe shi kamar littattafanmu na Larabci.

To yaya baƙo zai yi da wannan dutse? Dabara ta farko ba baƙuwa ba ce a wurin wanda ya yi makarantar allo. A littattafan yara da na masu koyo, ana rubuta ’yan ƙananan haruffa a gefen kowane kanji don nuna yadda ake furta shi, suna kiran su furigana. Aikin wasali ke nan. Kamar yadda almajiri ke tashi daga babbaƙu zuwa farfaru, ya daɗe yana karatu da wasali kafin ya iya buɗe littafin da ba a yi wa wasali ba, haka mai koyon Japananci ke jingina da furigana har idonsa ya saba.

Dabara ta biyu suna ce mata tadoku, wato yawan karatu. Malaman da ke yaɗa ta a Japan sun kafa ta a kan ƙa’idoji huɗu. Mutum ya fara da abin da ya fi sauƙi. Kada ya riƙa buɗe ƙamus. Inda bai gane ba ya tsallake ya ci gaba. Idan littafi ya gagare shi ya ajiye ya ɗauki wani. Sun shirya ƙananan littattafai hawa-hawa, na matakin farko kalmominsu ba su wuce 350 ba, ga hotuna. A nan ɗalibi zai haɗu da tatsuniyar Momotaro, yaron da ya tafi yaƙar dodanni tare da kare da biri da wani tsuntsu. Daga nan sai gajerun labarai irin na Miyazawa Kenji, kafin a kai ga manyan marubuta kamar Natsume Soseki, mai littafin Botchan na 1906.

Hikimar ita ce, son jin ƙarshen labari shi ke jan mai karatu. Kalmar da ya gani sau goma cikin labari tana zama a kansa ba tare da hadda ba, kuma yana ganin yadda ake jera doguwar jimla, abin da cinikin bakin shago ba ya koyarwa. Mu ma shaida ne. Da yawa daga cikinmu ba a aji muka ƙware da karatun boko ba, Magana Jari Ce na Abubakar Imam da littattafan soyayya na Kano ne suka buɗe mana ido, muna karantawa da fitilar ƙwai don mu ji yadda za ta kaya.

Saboda haka shawararmu ga mai son Faransancinsa ya wuce na ciniki ita ce ya ajiye girman kai. Ya ari littafin karatun ƙaninsa ko ɗansa na firamare, ya fara da tatsuniyoyin ciki. Idan ya ji ƙafarsa ta yi ƙwari, ya nemi L’Enfant noir na Camara Laye, wanda ya fito a 1953, labarin ɗan maƙeri ne a Gini, rayuwar da ba za ta yi masa baƙunta ba. Bayan shi akwai Sarraounia na Abdoulaye Mamani, na 1980, a kan sarauniyar Lugu da ta tari sojojin Faransa a 1899. Tun da labarin na gida ne, rabin aikin ya ragu. Sai daga baya ya tunkari Un piège sans fin na Olympe Bhêly-Quenum, ɗan wannan ƙasa. Masu sayar da tsofaffin littattafan makaranta ba su da wuyar samu a gari, kuma akwai ɗakin karatu a cibiyar al’adun Faransa.

Ba mu ce littafin labari zai mai da mutum lauya ba. Takardar duwan tana da nata kalmomin da sai an koya. Amma wanda ya saba bin shafi daga farko har ƙarshe ba ya firgita idan an ajiye masa takarda, zai bi ta layi-layi, ya tsaya inda bai gamsu ba ya yi tambaya kafin ya sa hannu.

Lokaci ma ba uzuri ba ne. Tsakanin azahar da la’asar kasuwa kan yi sanyi, haka kuma awowin da muke kashewa a bakin iyaka muna jiran a saki mota. Shafi biyu a rana sun isa farawa. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa albarka a kasuwa.