Uwargida a Najeriya, Amarya a Nijar

Ƙauyen yana arewa da Jibiya, can inda gonakin geron Katsina suka haɗe da na ƙasar Madarunfa. Baƙo ba zai gane inda Najeriya ta ƙare ba sai an nuna masa. Da an sallame asuba babura ke fita ta burtali, wani da buhun masara, wani da jarka, wani kuwa daga shi sai ƙullin cefane. Wannan na ƙarshen magidanci ne da kwanan ɗaya gidan ya zagayo, gidan kuma a wata ƙasa yake.

A nan ba abin mamaki ba ne mutum ya ajiye uwargida a gidan gado, amarya kuma a wani ƙauye kusa da Ɗan Isa. Wani gonarsa na can, rumfar kasuwarsa na nan. Wani tsohuwarsa ce ta ce ba mai raba ta da garin da aka binne mijinta, dole ya riƙa kai da kawowa. Zumuncin ya girmi iyakar nesa ba kusa ba. Da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, sarakunanta na dā suka yi arewa har suka kafu a Maraɗi, inda har yau Sarkin Katsina ake kiran mai sarautar. Sai bayan shekara ɗari jami'an Ingila da Faransa suka bi daji suna kafa duwatsun iyaka, daga 1906 zuwa 1908. Aure da suna da jana'iza ba su fasa tsallakawa ba.

Mai gida biyu layin waya biyu gare shi, katin ɗan ƙasa a wannan aljihu, wata takarda a wancan, ya san gaisuwar kwastan ya san ta jandarma. Duk wannan mai sauƙi ne. Inda gizo ke saƙa shi ne adalci. Addini ya ce a daidaita tsakanin mata, to yaya ake daidaitawa alhali da naira kake samu, ɗaya gidan kuma da sefa yake rayuwa? Jaka ɗaya ta sefa da ba ta kai naira dubu ba a 2019 ta haura dubu biyu a 2024. Gaskiya ne naira na yawo a kasuwannin tsallake, amma magani da kayan makaranta da takardun hukuma sefa suke so. Ya ba kowacce daidai wa daida, ta can ta shiga ƙunci. Ya ƙara mata, ta nan ta ce an fifita kishiya. Kowacce kuma da gaskiyarta. Irin wannan ƙarar ce ke yawan zuwa zauren liman, a ji dattijo na cewa, "Malam, ka duba mini, kada in tashi ranar alƙiyama da shanyayyen ɓari."

'Ya'yan ma sun rabu. Na nan suna firamare suna koyon Turanci, na can suna lakwal suna koyon Faransanci, uba ɗaya amma wannan ba ya iya duba littafin wancan. Allo ne kaɗai ya haɗa su. Akwai shekarar da Yamai za ta sanar da ganin wata, Sakkwato ba ta sanar ba, sai gida ɗaya na sallah ɗaya na azumi.

Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne rufe iyaka. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe, ƙofar Jibiya kuwa ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Ba a gama numfasawa ba aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake datsewa har cikin Maris na 2024. Masu yanke hukunci shinkafa da fetur da siyasa suke gani. Ba sa ganin mace mai tsohon ciki da mijinta ke iya zuwa kawai ta ɓarauniyar hanya, cikin dajin da 'yan bindiga suka addaba, kuɗin acaɓa ya ninka, kowane shinge da abin da zai ajiye. Matan ne suka ɗauki nauyin: su sayar da akuya, su yi ƙuli-ƙuli, su rufa wa maigida asiri a gaban yara. A ganina duk wanda zai sa hannu a takardar rufe iyaka ya kamata a fara kawo shi ya kwana biyu a irin wannan ƙauye.

Sai dai gida na biyun ya yi rana. Da hare-hare suka tsananta daga 2019, dubban mutanen Katsina da Zamfara da Sakkwato suka tsallaka jihar Maraɗi, da yawansu kuma a gidajen 'yan uwa suka sauka. Kishiyoyin da ba su taɓa haɗa tukunya ba suka kwana ɗaki ɗaya da 'ya'yansu.

Ranar da maigida ya rasu wata wahalar ke tasowa. Gona a ƙasa ɗaya, magada a ƙasa biyu, takardar alƙalin nan ba ta da ƙarfi a can. Shi ya sa dattawan ɓangarorin biyu ke hanzarin zama bayan sadakar bakwai, da liman da masu unguwa, su auna gonar da igiya, su fitar da tumunin takaba, su raba sauran tun magana ba ta kai gaban hukuma ba.