Albarushi Ya Yi Wuya a Nima, Amma Harbi Bai Ragu Ba

Bindigar toka ba ta da amfani sai da albarushi, kuma a zangunan Ankara, babban birnin Gana, albarushin ne ya zama abin nema. Bindigogin suna nan. Akwai su a gidajen sarakunan ƙabilu na Nima da Mamobi, wasu gado ne tun kaka da kakanni, ana fito da su ranar naɗin sarauta, ko shagalin Sallah, ko bikin Damba na Dagombawa mazauna birni. Abin da ya canza shi ne hanyar samun abin ɗura su. Sayen da ake yi a fili ya koma na raɗa: sai wane ya san wane, sai an ba direban motar arewa sautu, kuma abin da zai iso ba wanda zai iya rantsuwa a kan ingancinsa.

Garin nan kuwa yana cikin tsofaffin ƙofofin da albarushi ya shigo Afirka ta Yamma ta cikinsu. Ganuwar Osu, wadda ba ta da nisa da Nima, Turawan Danmak ne suka gina ta cikin shekarun 1660, kuma sai a 1850 suka sayar wa Ingila. Doguwar bindiga mai ƙanƙara da gangunan albarushi na cikin manyan hajojinsu, da su aka sayi zinariya, da su aka sayi bayi. Sarakunan Asante sun san darajar abin, shi ya sa suka tsaurara wucewarsa zuwa arewa. Fataken Hausa da ke sauka Salaga suna iya loda goro son ransu, amma albarushi ba haja ba ce da ake sakar musu. A ƙasar Dagomba ma rundunar 'yan bindigar sarki, Kambonsi, daga wajen Asante ta samo salonta. Da Turawa suka zauna a birnin Brussels a 1890 suka yi yarjejeniyar hana shigo da bindigogin zamani Afirka, sun bar bindigar ƙanƙara da albarushin kasuwa. Ta haka bindigar toka ta zama makamin da aka yarje wa baƙar fata, ta farauta da tsaron gona da biki.

Nima, wadda Malam Amadu Futa ya kafa wajen 1931, ta tara mutanen arewacin Gana da Najeriya da Nijar da Mali da Burkina Faso, da tsofaffin sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Kowace ƙabila da sarkinta, kowane sarki kuma yana son ranar fitarsa a ji ƙara a ga hayaƙi, kamar yadda 'yan bindiga ke yi a gaban sarki ranar hawan Sallah a Kano ko Katsina. Buƙatar ba ta mutu ba. To me ya kashe kasuwar?

A ganina babban dalili ba ya cikin birni, yana daji. Wanda ya riƙe kasuwar albarushi shekara da shekaru maharbi ne, ba ɗan biki ba. Shi ke saye kowane mako, kuma shi ne ya fara juya wa bindigar toka baya. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai ɗura ta ya san dalili. Zai kafa gindinta a ƙasa, ya auna baƙin garin a tafin hannu ya zuba ta baki, ya cusa tsumma, ya zaro sanda ya danna, ya sake dannawa har sai ya ji ya zauna, sannan ya koma wajen kunama ya gyara. Kafin ya gama duk wannan, gada ta yi nisa. In damina ce kuma garin ya sha danshi, sai ya ja kunama ya ji shiru. Bindiga mai baki ɗaya da ake karyawa a sa harsashi ta raba maharbi da wannan wahala, ruwan sama bai dame ta ba. Da maharba suka koma can, sai aka bar ɗan kasuwa da masu sayen da ba sa zuwa sai Sallah Sallah. Babu mai ɗaure jarinsa a hajar da za ta kwana wata goma tana jiran biki, balle hajar da tartsatsi ɗaya zai iya tashinta da shi da shagon.

Sai doka. Dokar makamai ta 1962 da dokar soja ta 1972 su ne har yanzu ginshiƙin harkar a Gana, kuma albarushi a wurinsu ɗan'uwan harsashi ne. Shigo da shi sai da izinin Ma'aikatar Cikin Gida, sayar da shi sai da lasisi da rumbun ajiya da hukuma ta amince da shi. A kan wannan aka ɗora yarjejeniyar ECOWAS ta ƙananan makamai ta 2006, aka kafa hukumar kula da ƙananan makamai ta ƙasa da dokar 2007. Ba don bindigar toka aka yi waɗannan biyun na baya ba. An yi su ne saboda abin da aka gani a Laberiya da Saliyo, da rigingimun sarauta da na filaye a cikin gida, irin na Bawku da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Amma takarda ba ta bambance mai son harba hayaƙi a gaban sarki da mai son kai hari, duk layi ɗaya suke bi.

Batun rumbun ajiya kaɗai ya isa ya fitar da Nima daga lissafi. Unguwa ce da ɗaki ke manne da ɗaki, lungunan da mutum biyu ba sa jerawa, mai tuwo na hura gawayi a ƙofar mai sayar da gas. Ranar Laraba, ranar kasuwa, ko babur da ƙyar yake ratsawa. Ina za a ajiye gangar albarushi a nan? Mutanen Ankara sun ga yadda gobara ta cinye kasuwar Kantamanto a farkon Janairun 2025. Kafin nan, ranar 20 ga Janairun 2022, motar da ke ɗauke da nakiyar haƙar ma'adinai ta fashe a ƙauyen Apiate kusa da Bogoso, mutum 13 suka mutu, ƙauyen ya zama kufai. Abin da ya fashe a Apiate ba albarushi ba ne, amma tun daga ranar duk wani abu mai fashewa ya zama abin tsoro ga jami'in da zai sa hannu da direban da zai ɗauka. Ban ga laifinsu ba.

Kuɗi ma ya yi nasa. A 2022 sidi, kuɗin Gana, ya faɗi warwas, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a watan Disamba, kuma mai shigo da kaya da 'yar dalar da ya samu zai fara da abin da ke fita da sauri. A waje kuma masana'antun kansu sun yi ƙaranci. A Amurka, inda masu harbin bindigar gargajiya suke da ƙungiyoyi da lokacin farautarsu na musamman, masana'anta ɗaya ce ta rage, GOEX, a jihar Luwiziyana. A Satumbar 2021 kamfanin Hodgdon da ya mallake ta ya sanar da rufe ta, sai a farkon 2022 wani kamfani, Estes Energetics, ya saye ta. A tsakani kantuna suka bushe, masu harbi suka dogara da na Jamus da Suwizalan. In ƙasar da ta fi kowa yawan bindiga ta shiga wannan hali, ba abin mamaki ba ne kason da ke isowa tashar jiragen ruwa ta Tema ya zama ɗan kaɗan.

Wani zai ce to madalla, hayaƙi ya ragu, an huta. Wannan magana tana da hujja, kuma bai kamata masoya al'ada su toshe kunne ba. Bindigar toka ko babu dalma a cikinta tana raunata mutum, domin wuta da tsumma da ɓurɓushin gari suna fita da ƙarfi. A ƙarshen 2024 fitaccen ɗan jarida Kofi Adomah ya sami mummunan rauni a ido a wajen bikin gargajiya a Dormaa, daga harbin irin wannan bindiga. A unguwa mai cunkoso kamar Mamobi, inda yara ke kutsawa tsakanin ƙafafun manya, haɗarin ya fi haka.

Sai dai abin da ya biyo bayan ƙarancin ba shiru ba ne. Kashi na farko na masu harbi sun koma haɗin gida. Albarushi dai gishirinsa ne da gawayi da farar wuta, amma ingancinsa yana ga tsabtar kayan da daidaiton ƙwayar garin, abin da turmi ba ya bayarwa. Wani haɗin ya yi sanyi, wani ya yi zafi fiye da kima, mai ɗurawa kuma da ido yake awo. Mafi muni shi ne wanda ya farke harsashin zamani ya juye garinsa a bindigar toka. Wannan gari ƙarfinsa ya ninka na albarushi, bututun da maƙeri ya ƙera ba zai ɗauka ba, sai ya tsage a hannun mai shi. Yatsu da idanu da yawa sun tafi ta wannan hanya a Afirka ta Yamma.

Kashi na biyu su suka fi tayar mini da hankali. Saurayin da ke son a ji shi ranar Sallah, in bai sami albarushi ba, ba gida yake komawa ba. Bindigar harsashi yake arowa, mai ɗurin famfo ko ƙaramar ta aljihu, ya ɗaga sama ya saki. Hukumar kula da ƙananan makamai ta sha kokawa a kan yadda bindigogin zamani ke maye gurbin na gargajiya a bukukuwa. Hayaƙin albarushi iska ke tafiya da shi, harsashin da aka harba sama kuwa dole ya sauko, a kan kwanon wani ko a kan ɗan wani. Nima da Mamobi sun riga sun ɗanɗana abin da bindiga a hannun samari ke jawowa, ko a Janairun 2022 an yi musayar wuta da rana tsaka tsakanin gungun matasa biyu, kuma sunan unguwannin bai gama farfaɗowa ba.

Akwai asarar da ba a lissafa ta. Harbin bindigar toka sana'a ce mai shugaba. Akwai babba da ke raba gari, ya san awon kowace bindiga, ya san wanda hannunsa ke rawa, ya tsara inda za a tsaya da inda za a juya baki. Ikonsa a kan yara daga wannan rabon yake fitowa: wanda ya yi rashin ji, ba a auna masa. Ranar da garin ya daina bi ta hannunsa, ikon ya tafi. Mai bindigar harsashi ba ya jiran kowa ya auna masa komai.

A ƙarshen 2025 Ministan Cikin Gida, Muntaka Mohammed-Mubarak, ɗan majalisar Asawase a Kumasi, wanda ya san zango ciki da bai, ya sanar da wa'adin afuwa ga masu miƙa bindigogin da ba su da rajista, tare da dakatar da harbi a bukukuwan gargajiya na wani lokaci. Matakin yana da ma'ana a matsayin numfasawa. Amma hani na ɗan lokaci ba ya amsa tambayar da za ta dawo kowace Sallah, kuma hani na dindindin, a ƙasar da harbin biki ya ratsa Homowo na Ga da Asafotufiam na Ada da Damba da Bugum na arewa, doka ce da za a riƙa karyawa a gaban jami'an da aka gayyato bikin.

Abin da nake ganin zai yi aiki shi ne a buɗe ƙofa ɗaya ƙarama mai tsaro. A ajiye albarushi mai inganci a rumbun da hukuma ta amince da shi, can wajen unguwa. Majalisar sarakunan zango ta yi rajistar 'yan bindigarta da sunayensu da bindigoginsu, a duba bututun kowace kafin biki. Shugabansu ya karɓi awon ranar da takarda, ya mayar da ragowar da yamma. A yi harbin a fili, ba a lungu ba. A madadin haka, sarakuna da limamai, tun daga ofishin Babban Limamin Ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu har masallatan unguwa, su tsaya kai da fata cewa duk wanda ya fito da bindigar harsashi a taro, su da kansu za su miƙa shi ga 'yan sandan Nima.