Macijin Ƙanƙara a Ƙofar 'Yandaka

Ran Asabar bayan la'asar, 'yar ƙanwata da ke aji biyar na sakandare ta same ni a zaure nan Ƙofar 'Yandaka a Katsina, riƙe da littafin rubutu. Ta ce, "Kawu, na fara labari, amma ya ƙi tafiya." Na buɗe. Shafi goma sha ɗaya ta cika da sunayen masarautu, da taswirar ƙasar da ta ƙago, da wani maciji mai fukafukai yana aman wuta a kan dutsen ƙanƙara. Ƙanƙara, ga yarinyar da ba ta taɓa wuce Zariya ba! Na tambaye ta me jarumar labarin ke nema. Sai ta yi tsit.

A nan gizo ke saƙar. Labarin almara ba ya tafiya da taswira, da buƙata yake tafiya. A 1933, lokacin da Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar ƙagaggun labarai, Abubakar Imam yana ɗan shekara 22, yana koyarwa a Midil ta Katsina, bai daɗe da barin Kwalejin Katsina ba. A garin nan ya rubuta Ruwan Bagaja. Akwai aljannu a ciki, akwai garuruwan da babu su a duniya, amma abin da ya fitar da jarumin littafin, Alhaji Imam, daga gida ƙarami ne: ɗan sarki ba lafiya, Liman ya ce ruwan Bagaja ne magani, aka kunyata shi a fada. Neman ruwan ne ke jan kowane babi. Kuma Abubakar Imam bai bar jaruminsa shi kaɗai ba. Ya haɗa shi da Malam Zurƙe, suna ta ramuwar gayya. Ni kam, in aka cire Zurƙe, rabin daɗin littafin ya tafi.

Sai na ce mata, mu koma kan macijinki. Me ya hana shi ƙone duniya ya huta? Abin mamaki in ba shi da sharaɗi, ba ya ba da tsoro. Macijin rijiyar Kusugu a Daura bai yi aman wuta ba. Cewa aka yi ba ya barin a ɗebi ruwa sai ran Juma'a. Kwana shida na ƙishirwa, shi ne ya sa zuwan Bayajida ya zama labari. Kakanninmu ma ba sa ba mutum laya a tatsuniya sai da abin da zai karya ta.

Game da ƙanƙara kuwa, na nuna mata waje. Ta wannan ƙofar Lugga ya shiga Katsina a 1903. Ga hasumiyar Gobarau can cikin gari, ga ragowar ganuwa, ga hazon hunturu mai ɓoye mutum a taku ashirin. Wanda ya san warin ƙasa bayan ruwan fari zai iya sa aljani ya tsaya a kanta, mai karatu ya yarda.

Kafin magariba ta rubuta shafi ɗaya: wata yarinya ta farka ta tarar duk rijiyoyin unguwa sun ƙafe, sai ta gidansu. Taswirar kuwa na saka ta a aljihun tebur, na ce ta zo ta karɓa in ta kai babi na uku.